Ƙarfe Nawa Zan Rufe Ramin?

Abokina Don Serapio Canchanya bai taɓa wuce kowa a gudu ba. Shekara ashirin da shida yana shiga gudun famfalaki na garinmu Huancayo, kilomita arba'in da biyun nan da ake yi duk watan Nuwamba, kuma cikin mu goma sha ɗaya da ke gudu tare, shi ne na ƙarshe kowace shekara, ba fashi. Ni ne shumekansa, ni nake sa wa takalmansa sabon ƙasa. Shi kuma ya riƙe 'yata ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna kompadre. Don haka in na ce mutumin nan ba shi da jikin gudu, ba ƙiyayya ba ce. Gajere ne, ga tumbi, ga tafiya irin ta agwagwa.

Sana'arsa sayar da jarida a wata 'yar rumfa kusa da kasuwa. Wa ke sayen jarida yanzu? Tsofaffi uku da mata masu neman takardar naɗe kifi. Shi yake karance shafin wasanni tas kafin ya rataye jaridun, sannan ya kunna 'yar rediyonsa ya ci gaba da azabtar da kansa da labarin Lucero, kulob ɗin ƙwallo na unguwarmu. Tun ina saurayi ban ga Lucero sun haura mataki ko ɗaya ba. Masu hankali duk sun watsar da su, ni ma har da ni. Shi kuwa da koriyar jesinsu yake gudu, wadda ta koɗe har sai an faɗa maka launinta, kuma duk farkon kaka sai ya ce mini, "Bana akwai wani yaro ɗan gaba, kompadre. Ka bari ka gani." Na bari, na gani, shekara talatin.

Abin da ya iya, wanda duk garin nan ban ga na biyunsa ba, shi ne cin abinci. Ba haɗama nake nufi ba. Ya san abinci yadda na san fata.

"Ni fa ba gudun nake so ba," haka ya sha faɗa mini. "Yunwa nake zuwa nemowa. Wanda bai yi kilomita ashirin ba bai san farfesu ba, zubawa kawai yake yi a ciki."

Duk ranar Lahadi in mun gama atisaye a bakin kogi, shi yake yanke inda za a ci, ba mai musu. Wannan makon farfesun kan rago a wurin wata mata a ƙuryar kasuwa, wadda ba ta da ko allon suna. Mako mai zuwa mu cika mota mu tafi Ingenio cin soyayyen kifin rafi. Wani lokaci ya ja mu lungun da ko kare ba ya bi, don wai akwai tsohuwar da har yau a kan dutse take niƙa cuku da barkonon da ake zuba wa dankali. In an ajiye masa kwano ba ya ɗaukar cokali nan take. Sai ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido, mu kuwa mun riga mun yi rabi.

Cikinmu akwai Wilmer, direban tasi, ɗan shekara talatin da 'yan kai, wanda ya fi mu gudu nesa ba kusa ba, kuma bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.

"Kawu, ka ci mana. Ko a nan ma na ƙarshe za ka zo?"

"Kai da kake haɗiya kamar ana zuba wa mota mai, me ka sani? Faɗa mini, me aka sa a romon nan?"

"Nama da ruwa."

"Allah ya shirye ka. Baiwar Allah," ya juya wurin mai abincin, "yau kin canza na'ana'a, ko? Wannan ta lambu ce, ba ta kasuwa ba."

Matar ta dafe ƙirji ta ce ƙanwarta ce ta kawo mata daga ƙauye. Ta ƙara masa harshen rago a kwano, mu ba ta ko kalle mu ba. Haka ake yi masa ko'ina, kuma ba na ɓoyewa, ina jin haushi.

Babban cin shekara kuwa sai ranar gudun, a gidan Mama Dionisia da ke bayan gari. Marigayi mijinta, Don Hilarión, shi ya tara mu tun farko, shi ya kafa dokar da muke bi. Ranar gudu ana yin pachamanka: a gasa duwatsu da itacen turare tun safe har su yi fari, a jera naman rago da kaza da dankali da koren wake da humita, alalen ɗanyar masara a cikin ɓawonta, a lulluɓe da ganye da buhuna, a tura ƙasa a rufe, a kafa ɗan gicciye da furanni a bisa. Dokar ita ce ba a tone ramin sai na ƙarshenmu ya shigo gidan, kuma shi zai cire gicciyen ya sa shebur ɗin farko. Don Hilarión ya ce in mutum ya san mutum goma na zaune da yunwa dominsa, ba zai zauna a bakin hanya ba. Gaskiyarsa. Ba wanda ya taɓa yankewa a cikinmu.

Sai dai pachamanka awa ɗaya take so a ƙasa, ba ƙari. Shi ya sa duk jajiberin gudu, in mun taru a gidan Mama cin taliya da rana, sai ta tsaya a kan Don Serapio da ludayi a hannu ta tambaye shi a gaban kowa:

"To, na ƙarshe. Ƙarfe nawa zan rufe ramin?"

Shi kuma sai ya gyara zama kamar alƙali. Ana tashi ƙarfe takwas, awa biyar yake yi, rabin awa a mota zuwa gidan. "Sha biyu da rabi, Mama." Shekara da shekaru bai taɓa saɓawa da fiye da minti goma ba. Mu masu sauri muna dawowa da lambobinmu a wuya, ba wanda ya damu da mu. Shi ake leƙe a ƙofa. In ya shigo yana haki cikin koriyar jesin nan, har tafi ake yi masa. Wannan ita ce sarautarsa kaf a duniya: matarsa ta rasu, ɗansa yana Lima ba ya ko kira, rumfarsa tana mutuwa, kulob ɗinsa bai taɓa rayuwa ba. Amma rana ɗaya a shekara, da agogonsa ake dafa abinci.

Shekara biyu da suka wuce, saura wata guda gudu, ya kawo mini takalmansa. Ina juya su na gane. Na hagu ya cinye ta gefen waje har ya kusa hujewa, na dama kuwa kamar ba a taka shi ba. Mutum yana iya yi wa likita ƙarya, amma ƙasan takalmi ba ya rufa wa kowa asiri. Yana tsoron ɗora nauyi a kan gwiwar dama, kuma ba jiya ya fara ba.

"Kompadre, gwiwar nan tun yaushe?"

"Wace gwiwa?"

"Kada ka raina mini hankali a shagona."

Ya ɗauki wata ƙusa a kan teburina yana jujjuyawa. "Sanyi ne. In na yi kilomita biyar sai ta saki."

"Ka faɗa wa Mama ta ƙara awa ɗaya."

"In na ƙara awa ɗaya bana, baɗi in ƙara biyu. Daga nan sai Wilmer ya ce a bar tsoho ya riƙe mana riguna. Ka sa ƙasan kawai, shumeka, ban zo asibiti ba."

Na sa masa, har na ƙara roba a dunduniyar dama. Na ja bakina na yi shiru, ina ganin rufin asiri nake yi wa aboki.

Ranar jajiberi Mama ta tsaya da ludayinta. Ta tsufa ita ma, sai ta dafa kafaɗarsa kafin ta yi tambayar. Ya kalle ni sau ɗaya, ya ce, "Sha biyu da rabi, Mama." Ni kuwa na sunkuyar da kai a kan taliya kamar ban taɓa ganin taliya ba.

Washegari muka tashi daga hanyar Jauja. Na bar shi tun kilomita na uku, kamar kullum, yana ɗaga wa 'yan kallo hannu suna yi masa kirarin Lucero cikin tsokana. Na gama nawa, na isa gidan Mama ƙarfe ɗaya. An riga an rufe ramin, gicciye na tsaye, ƙamshi na tsattsafowa ta gefen buhuna. Wanda ya yi kilomita arba'in da biyu ya zauna kusa da wannan ƙamshin, shi kaɗai ya san abin da nake faɗa.

Ɗaya da rabi ta yi, shiru. Biyu saura kwata, Mama ta fara zagaya ramin tana taɓa ƙasar da bayan hannu. Don Serapio ba ya ɗaukar waya in zai yi gudu, wai nauyi ce. Ƙarfe biyu Wilmer ya ja tsaki ya ɗauki tasinsa ya bi hanya. Kafin ya dawo hadari ya taso daga kan duwatsu, aka fara yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, muka ja leda muka rufa wa ramin, muka takure a ƙarƙashin rumfa.

Wilmer ya dawo shi kaɗai, kuma a karon farko tun da na san shi ba ya dariya.

"Yana kilomita talatin da uku. Ba gudu yake ba, jan ƙafar yake yi. An buɗe wa motoci hanya, yana bin gefen kwalta. Na ce ya shigo, ya ce in na sake buɗe masa ƙofa sai ya fasa mini gilashi."

"Zai iso," na ce.

"Zai iso, amma ya ba ni saƙo. Ya ce Mama ta buɗe yanzu-yanzu. Ya ce, ka gaya mata humita ba ta jure awa biyu, ku ci, ku ajiye mini nawa. Sau uku ya maimaita."

Mama ta dube mu. Ta kai hannu kan shebur. Mutum takwas suka miƙe, yunwa ta riga ta ci ƙarfinsu.

A nan ne na yi abin da har gobe nake jin kunyarsa, alhali a lokacin ji nake ni ne mutumin kirki a gidan. Na je na tsaya a gaban ramin, cikin ruwa.

"Ba mai taɓa gicciyen nan. Shekara ashirin da shida mutumin nan yana cire shi. Yau ɗaya da ya makara za ku cinye ku ajiye masa saura a kwano kamar kare?"

"Baba Leoncio, shi fa ya ce a buɗe," in ji Wilmer.

"Kawaici yake yi. Ka san shi ko na san shi? In ya shigo ya tarar an tone, kun kashe shi."

Mama ta ce, "Leoncio, abincin zai lalace."

"Ya lalace ɗin. Don Hilarión yana kwance, ku karya dokarsa in kun isa."

Da na ambaci marigayin sai ta saki shebur ɗin. Na san abin da zai sa ta saki ke nan, shi ya sa na faɗa. Kowa ya koma ya zauna. Ba wanda ya ƙara yi mini magana, ni kuwa ina ta hura hanci, ina ƙirga kaina cikin masu amana.

Biyar saura ya shigo. Wilmer ne ya koma ya jira shi a ƙofar filin wasan da ake ƙare gudun, inda aka riga aka kwashe komai, ba layi, ba mai ba da lamba, sai masu shara. Sai da ya taɓa ƙofar da hannu sannan ya yarda ya shiga mota. Ya shigo gidan yana dafe da bango, gwiwar ta kumbura ta yi suntum, jesin ta manne masa a jiki. Muka miƙe muka fara tafi, ni na fi kowa ƙarfi.

Bai kalle mu ba. Ramin ya kalla. Ya ga gicciye a tsaye, furannin sun kwanta da ruwa. Na sha ganin fuskarsa in an ci Lucero biyar da nema, ban taɓa ganin ta haka ba.

"Wilmer, ba ka faɗa musu ba?"

"Na faɗa, Kawu."

"To wa ya hana?"

Duk ni suka kalla.

Ya ɗingisa ya je ya cire gicciyen. Ya sa shebur. Aka yaye buhuna, maimakon tururin da ke korar mutum baya, sai wani ɗumi mai warin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya taso. Naman da ke jikin duwatsu ya ƙone ya zama gawayi, na sama ya yi sanyi ya saki ruwa. Dankalin ya narke. Humitar da Mama ta kwana biyu tana gurza masararta ta zama kunu a cikin ɓawo. Ragon nan ita ta kiwata shi tun yana ɗan wata biyu.

Aka zuba masa kwanon farko, bisa al'ada. Ya sunkuya ya shaƙa, kamar yadda ya saba. Sannan ya ci. Ya cinye tas, har ƙonannen, yana taunawa a hankali. Mu ma muka ci, don ba yadda za mu yi. Wani ya yi ƙarfin hali ya ce, ai da daɗi a hakan. Don Serapio ya ɗago ya dube shi har sai da ya sunkuyar da kai.

Da ya gama ya ajiye kwanon a gaban Mama.

"Ki yafe ni, Mama. Na yi miki ƙaryar lokaci."

"Haba Serapio, abinci ne kawai."

"A'a," ya ce. "Ba kawai ba ne."

A hanyar fita na riƙe masa hannu don ya tsallaka dokin ƙofa. Na ce, "Kompadre, don darajarka na yi."

"Na sani. Da kun buɗe, da ni kaɗai na makara, baɗi in ce mata ƙarfe uku, a yi dariya a wuce. Yanzu kuwa duk wanda ya tuna ragon nan, ni zai tuna."

Bai yi fushi da ni ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Da ya zage ni da na samu sauƙi. Yana gaishe ni, yana tambayar 'yarsa ta baftisma. Gudu ne dai bai sake yi ba. Likita ya ce gwiwar za ta iya ɗaukar tafiya, har da ɗan sassarfa in ya bi a hankali. Mun roƙe shi ya zo ko rabin hanya ya yi, ko ya hau mota ya zo ya cire gicciyen kawai. Ya ce gicciye na wanda ya gudu ne. Ranar Lahadi ma ya daina bin mu. Yanzu Wilmer ke zaɓar wurin ci, kullum gasasshiyar kaza da soyayyen dankali a wuri mai talabijin. Matar farfesun kasuwa ta tambaye ni shi sau biyu, daga baya ta daina.

Bara mu bakwai muka rage. Ranar jajiberi Mama ta fito da ludayinta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta rasa wanda za ta tsaya a kansa. Da ƙyar ta gane ni ne na ƙarshe yanzu, ta tambaye ni ƙarfe nawa za ta rufe. Ban taɓa jin tambaya mai nauyin wannan ba. Na ce sha biyu, na kuma iso a kan lokaci, na cire gicciyen ba wanda ya tafa. Pachamankar ta yi kyau ƙwarai, irin wadda ake shekara goma ba a samu ba. Mama ta zaɓi haƙarƙari da humita uku ta naɗe a tawul tun da zafi, ta ce in kai masa kafin ya huce.

Na same shi a rumfa, ranar Lahadi da yamma ba mai wucewa, rediyo na faɗin an zura wa Lucero na biyu. Ya rame. Tumbin da muke tsokana ya tafi, kuma ba kyau ya yi masa ba. Koriyar jesin na rataye a ƙusa a bayan jaridu.

Ya warware tawul ɗin. Ya sunkuya ya shaƙa, ya lumshe ido, murna ta kama ni, na ce a raina yau dai zai dawo.

"Minti nawa a ƙasa?"

"Hamsin da biyar."

"Haka ake yi. Ta ƙara ganyen ƙamshin nan, huacatay, bana. Ka ce mata hannunta na nan."

Ya mayar da tawul ɗin ya naɗe yadda yake, ya turo mini.

"Kompadre, ka ci mana. Ko humita ɗaya."

"Kai ka yi gudu, kai za ka ci," ya ce, yana murɗa rediyon don ya kama sosai. "Ni tun safe nake zaune a nan. Yunwar me zan ji?"